Fatar da Baba Bai Taɓa Ba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Jakunkunan da muka aika wa masu sayen nan na ƙasar waje sun dawo, dubu biyu cif. Sun ce fatar tana tsagewa a wurin hannu da zarar sanyin ƙasarsu ya buge ta. Sun ba mu kwana arba'in mu aika wasu, in ba haka ba su koma wani kamfani. Rabin ma'aikatanmu saboda su na ɗauka.

Akwai abin da na ɓoye miki. Wata bakwai ke nan da na sallami Baba Mai Almakashi, mai duba mana fata. Kin san halinsa, kowace fata sai ya naɗe ta gida huɗu, ya danna da babban yatsa, ya shinshina, ya ture ɗaya cikin biyar. Masanan da na ɗauko suka zana mini a allo cewa a teburinsa aiki yake tsayawa. Na sayi injin auna kauri, shi kuma na aika masa takarda. Don Allah ki yi masa magana, ke yake saurara.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Muna lafiya. Mama na gaishe ka, ban gaya mata ba don kada jininta ya hau.

Takarda? Mutumin da suka kafa teburin farko da mahaifinmu? Shekara goma sha ɗaya na riƙe wurin nan kafin na miƙa maka. Ni ma ya sha ɓata mini rai, har kuka na taɓa yi a bayan sito saboda fatun da ya ture. Amma ko jaka ɗaya ba a taɓa dawo mini da ita ba. Duk karatun kasuwancin duniyar da ka yo, ba a koya muku tambayar tsoho dalilinsa ba?

Ni ma da laifina. Na ji kana zuba wa baƙi yarensu a waya ba gargada, na ɗauka ka gama sanin komai, na tattara na tafi. Abin yana ci mini rai.

Ba zan yi masa magana ba. Ka je da ƙafarka.

Yayarka

Yaya,

Barka da yini. Na je. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinke wa jikarsa jakar makaranta. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Na miƙa masa ɗaya cikin jakunkunan, ya danna sau ɗaya ya ce, "An gaggauta jimar wannan, mai bai ratsa ta ba. Injinka kauri kawai yake gani."

Na roƙe shi ya dawo. Ya ce, "Ɗana, idona ya yi rauni, yatsun ma saura kaɗan. Zan dawo in kai da kanka za ka zauna gefena ka koya. Kuma ba na duba fiye da fata ashirin a rana, ko wa ke jira."

Da ashirin a rana ba za mu cika kayan a kwana arba'in ba. In na koma wa injin, wataƙila mu cika, wataƙila su sake dawowa. Kunya ta ishe ni, Yaya. Me zan yi?

Auta

Auta,

Sannu da ƙoƙari. Kai ne manaja, ba ni ba. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Na rubuta wa masu sayen cewa ba za mu iya ba. Sun gode da gaskiyar, sun koma wani kamfani. Mutum goma sha huɗu na sallama, har da mai ɗinkin nan da take goya ni ina ƙarami. Ita ta riƙa ba ni haƙuri.

Jiya na duba fata goma sha tara a gefen Baba, a uku kawai hukuncina ya dace da nasa. Sai ya miƙo mini ta ashirin.

A gaida Mama. Ki gaya mata yanzu.

Ƙaninki,
Auta