Jarrabawar Hafsatu a Kan Jar Giya

Daren Laraba, watan Safar, unguwar Utaibiyya.

Jikata Hafsatu ta kira daga Italiya, inda take koyon aikin otal. Gobe za a jarraba ta a kan wata jar giya da ake haɗawa da inabin tsaunuka. Wai giyar ta dace da naman barewa da cuku mai tauri, amma ba ta jituwa da kifi.

"Wallahi ya Sitti, haddacewa kawai nake yi. Kada ki gaya wa Baba, zai dawo da ni gida."

Na shaida mata ni na haifi ubanta, ban taɓa zama 'yar rahotonsa ba.

Ban tambaye ta ko ta ɗanɗana ba. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba, ni kuwa ina bukatar barcina.