Allon da Ya Ƙame Ranar Laraba

Guadalajara, Laraba.

Zuwa ga Yaya Herlinda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama? Allah ya sa kumburin ya sauka.

Yau da safe, ƙarfe tara saura, na ga allon kwamfuta ta shida ya ƙame, komai ya tsaya cak. Da kin ga murnata sai ki ce ɗa aka haifa mini.

Kin san aikina: injiniyoyi su rubuta manhajar da ke fitar da hoto a allo, ni in gwada, in sa hannu cewa lafiya lau. Mako uku da suka wuce allon nan ya ƙame mini sau ɗaya. Injiniya Ociel, mai sashen, ya ƙara wani abu da ke rubuta duk motsin manhajar, sai matsalar ta ɓuya. Ya ce, "Nabor, anya ba kai ne ka ƙame ba? Rage cin farfesun birria da rana." Aka yi dariya, har da ni. Amma ban sa hannu ba.

Jibi ne aka shirya tura manhajar, kuma da ita likitoci za su duba hoton ƙirjin mutane. Shugabarmu, Doña Eufemia, ta ce ko in sa hannu, ko in nuna mata matsalar, ko ta maye gurbina da wanda ya gama sakandare.

Ni dai na tuna wancan karon ina jona wayar allo na biyu ne daidai lokacin da kwamfutar ke farkawa. Su injiniyoyin daga kujera suke gwaji, ba sa taɓa waya. Na kuma lura rubutun Ociel ya rage wa kwamfutar sauri, na roƙi Maribel, ƙaramar injiniya, ta cire mini shi. Kwana tara ina kwantar da kwamfutar, ina tada ta, ina cusa waya, ina sauya lokacin kaɗan-kaɗan. Yatsana har ya yi kanta. A karo na ɗari uku da sha ɗaya ta ƙame.

Maribel ta ce ayyuka biyu ne a cikin kwamfutar, kowanne sai da mabuɗi biyu. Kanel, wato uwar da ke raba musu lokaci, ta katse na farko yana riƙe da mabuɗi ɗaya, na biyu ya ɗauke ɗayan, kowa ya zauna jiran kowa.

Ociel ya ce sa'a ce. Na maimaita sau uku a jere. Sai ya jawo kujera kusa da ni. An ɗage turawar, ina nan a aikina, kuma ba zan sa hannu ba sai gyaransa ya jure wa wayata.

Ki gaishe da Mama. In maigidanki ya ce ƙari nake yi, ba ni kaɗai na gani ba: akwai Maribel, da Doña Eufemia, da Don Cleofas mai gadi, da shi Ociel kansa.

Ƙaninki,
Nabor Quezada