Gidan da Ke Cikin Tafki

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Mu ma lafiya lau.

Yaya, Baba ya yarda in koyi zane wajen Malam, tsohon nan mai shagon fenti. Amma ya ce ranar da na sake cewa na ga abin da babu, kamar lokacin da nake ƙarama, ranar zan bar fita.

Kullum da hantsi Malam yakan kai ni bakin tafki da katako da buroshi. Ya koya mini in fara da sama, in sa duwatsun nesa su yi dishi-dishi da shuɗi da fari. Idan zan zana ruwa, in ƙanƙance idanu, in ja buroshi daga sama zuwa ƙasa, inuwar kowane abu ta ɗan fi shi duhu.

To, duk sanda na ƙanƙance idanu, ina ganin inuwar gida a cikin ruwan, da ƙofa da taga ɗaya. A gaɓar kuwa ciyawa ce kawai. Na shafe wurin da kore. Malam ya duba ya ce hannuna ya iya, amma idona matsoraci ne, shi kuma ba ya ɓata fentinsa a kan mai ƙarya. Ya ba ni zuwa jibi in zana abin da nake gani. Kin san bakina ba ya buɗuwa gaban manya. Kada ki faɗa wa Baba.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na zana gidan.

Malam ya daɗe tsaye a bayana. Na zaci dariya zai yi. Sai ya karɓi buroshin, ya haɗa baƙi da ɗan ja, ya gyara mini bangon ba tare da ya dubi ruwan ba. Ya ce na sa shi ya yi haske da yawa, kamar sabon gini. Da ya zo kan ƙofar sai hannunsa ya tsaya. Ya tambaye ni ko haka na gan ta, a buɗe. Na gyaɗa kai. Ya ce shi tun yana saurayi a rufe ya san ta.

Nan take ya sa muka kwashe kaya, ko buroshin bai bari na wanke a tafkin ba. A shago ya jingina zanen, fuskarsa na kallon bango, ya ce na zama ɗalibarsa. Da Baba ya tambaye shi, ya ce yarinyar tana da ido, bai ƙara komai ba.

Gobe ma can za mu je, duwatsu zan zana. Malam ya ce mu zauna mu ba ruwan baya, kuma ko na ji an kira ni, kada in waiwaya.

Ki shafa mini kan jaririya. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta