Injin Babanka da Ayabar Pascaline

Dschang, 17 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Severin,

Kafin gaisuwa, ga gargaɗi. Kada ka ƙara turo wa babanka hoton wani inji a waya, kuma in ya kira ka yana raha kada ka biye masa, sai ka kai ƙarshen wannan takarda. Na zaɓi rubutu ne don na san halinka. A waya sai ka yi ta dariya kana cewa in kwantar da hankalina, har mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba. Takarda ba a katse ta.

Bayan haka, ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Clarisse da jikata Pascaline. Allah ya raya mana ita, ya ba uwarta ruwan nono, ya tsare ku daga sanyin Liège. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta. Abokiyar tagwaitakarka Severine ta zo daga Yaoundé ta kwana biyu, ta koma da buhun gwaza. Ruwa kuwa tun farkon wata bai ɗaga mana ko yini ɗaya ba, kuma ni na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa.

Kai ka ce a shuka ciyawa a farfajiyar sabon gidan da muka gina a tsohon filinmu, irin wadda kake gani a can. Na faɗa maka tun a lokacin, ni da na girma ina tuge ciyawa ban ga dalilin da zai sa in tsufa ina renonta ba, a filin da zai ba mu wake da masara. Ba ka ji ba. To ga damina, ciyawarka ta kai ƙwauri, babanka mai shekara saba'in da ɗaya yana duƙe da adda har bayansa ya riƙe, ni ke gasa masa da ruwan zafi. Da muka ga maciji kusa da baranda ka ce mu je mu zaɓi injin yankan ciyawa mai fetur. Na yi zaton aikin yini ɗaya ne. Sati uku ya cinye mana.

Sau biyu muna zuwa Bafoussam, shagon wani Talla, mai bakin zuma. Mai aiki da lantarki ban ko kalle shi ba, ka san wutarmu. Saura biyu: ƙarami da ake turawa da hannu, da wani ƙato ja mai jaka a baya, wanda ke tafiya da kansa. Ni na tambayi abin da mai hankali zai tambaya. Wa zai gyara shi a Dschang in ya lalace? Ina ake samun wuƙarsa? Yaya shan mansa? Yaya zai yi a gangare irin namu, kuma yaya ake tsayar da shi? Babanka tambaya ɗaya ya yi, wai ƙarfin doki nawa ne. Talla ya shafa jan injin ya ce, "Papa, wannan ai ba tura shi ake ba, rakiya kawai ake yi masa, kamar amarya." Na ce mutumin da akuya ta taɓa ja har cikin kwata ba shi zai raka doki shida ba. Babanka ya ce, "Magne, takardar sakandarenki ta ɗinki ce da lissafi, ba ta kanikanci ba. Bar maza su yi magana." Haka ya faɗa, a gaban mutane, ga matar da ta haifa masa tagwaye, har ake kiranta Magne, uwar tagwaye. Muna cikin haka sai ga saƙonka da hoton babban, wai Baba ya cancanci na manya. Ya bi duk wanda ke shagon yana nuna masa. Ni dai na samu Talla ya yarda ya kawo duka biyun gida mu gwada sati biyu, tunda ƙanwar matarsa muna ƙungiyar mawaƙan coci tare.

Yanzu ka nutsu. Ka tuna watan Mayu da gwaggonka ta dawo daga wurinku da cibiyar Pascaline, a naɗe cikin auduga a ambulan. Babanka da kansa ya haƙa rami a bayan madafa, kusa da inda taka da ta Severine suke, ya binne ta, ya dasa 'yar ayaba a kai. Ka gani a waya, har ka share hawaye. Ya ce duk inda yarinyar nan ta girma, ƙasar nan ta san ta, kuma nonon ayabar na farko ba mai taɓawa sai ta zo. Ayabar ta kama, ta kai gwiwa, ganyenta uku. Kowace safiya sai na leƙa ta kafin in hura wuta.

Ranar Talata da hantsi, ruwa ya ɗan tsagaita, babanka ya fito da jan injin sanye da takalmin roba da hular zuwa coci, maƙwabta sun jeru a shinge suna yi masa kirari da sunansa na uban tagwaye, "Tagne direba! Tagne, ina lasin?" Injin yana da ƙarfe a hannu da ake matsewa, da ka saki sai ya mutu. Masu ƙera shi ba wawaye ba ne. Amma yatsun babanka ciwo suke, bai yi zagaye biyu ba ya shiga ɗaki ya ɗauko igiyar robar taya, irin wadda muke ɗaure komai da ita a garin nan, daga kaya a babur har famfo mai yoyo, ya ɗaure ƙarfen tam. Na ce, Tagne, kwance abin nan. Ya ce Turawa ba su san dabara ba ne. A kan gangare santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas, injin kuwa ya ci gaba da tafiyarsa ba kowa a bayansa. Ya bi ta gefen madafa, ya aske min ganyen miya, ya hau kan ayabar Pascaline, sai da ya daki tankin ruwa ya kife. Dariyar shinge ta ɗauke. Da na isa, ba abin da ya rage sai kututture daidai da ƙasa, yana zubar da ruwa.

Babanka bai ji ciwo ba sai gurjewa a gwiwar hannu. Ya zo ya tsuguna a wurin cikin taɓo. Shekara arba'in da huɗu muna tare, sau biyu na taɓa ganin fuskarsa haka. Amma ka ji abin da ya fito daga bakinsa da ya yi magana. Wai mu ciro wata 'yar ayaba daga gindin wadda ke kan cibiyarka mu dasa a wurin, ayaba ayaba ce, Severin ba zai gane ba a hoto. Ya riƙe min zane yana cewa, "Magne, ki rufa min asiri, kada yaron nan ya ji." Na ce ba da ni ba. Ba zan tsaya wata rana in miƙa wa yarinya ayaba in ce tata ce alhali na san ba ita ba ce. Wanda ya yi ɓarna ya ce na yi, ɓarnarsa ɗaya ce. In ya rufe ta da ƙarya, kullum sai ya tashi ya yi mata gadi, kuma ni na tsufa da gadi. Haka na tarbiyyantar da ku, ba zan sake a kan babanku ba.

Na yanke wurin da wuƙa mai tsabta, na barbaɗa toka, na kifa kwando saboda kaji. Kwana huɗu ba komai. Babanka ya daina cin abinci sosai, ko sakwarar gwaza da na yi masa ranar Alhamis taɓawa kawai ya yi. Jiya Lahadi, kafin mu tafi coci, na ɗaga kwandon na ga wani abu ya ɓullo daga tsakiyar kututturen, naɗaɗɗe, ruwan ɗorawa, bai fi ɗan yatsana ba. Na kira shi ya zo ya gani. Ya cire hula. Ba zan yi maka alkawari ba, don ruwa ya yi yawa kuma tana iya ruɓewa, amma yau tohon ya ƙaru, tana da rai. Ka faɗa wa Clarisse da bakinka, yadda na faɗa maka, kada ka rage komai.

Ka zaci an gama? Yau da safe na tarar da babanka yana goge jan injin da tsumma. Wai laifin roba ne, ba na inji ba, kuma tunda ɗansa ne ya zaɓa daga Turai ba zai kunyata shi a mayar ba. Ka ga inda saƙonka ya kai mu. Kuna can kuna danna waya, mu muna nan muna kwasar abin da ya zube. Talla zai zo ranar Asabar. Kafin nan ka kira babanka, ka ce masa kai ne ka sake shawara, ƙaramin kake so. Daga bakinka zai karɓa ba tare da ya ji an ƙasƙantar da shi ba. Na gwada ƙaramin da kaina, a jan igiya na uku ya tashi, ba ya zuwa ko'ina sai inda na tura shi, in na tsaya ya tsaya. Abin da nake nema ke nan a inji, kuma da zan samu a mutanen gidan nan da na huta.

Ka gaishe min da Clarisse, ka ce na gode da man gwiwa. Ka gai da surukarka Maman Berthe in kun yi waya, da ɗan gwaggonka Anicet, ka ce masa uwarsa tana cigiyarsa. Ka sumbaci Pascaline a tafin ƙafa.

Na jera fararen duwatsu daga kusurwar madafa har shinge, na tara mutanen gida na faɗa, kai ma ka ji don ta shafe ka ranar da ka zo. Inji ba ya tsallake duwatsun nan. Abin da ke bayansu da hannu za a nome shi, a tsugune. Kuma duk wanda na ƙara gani da robar taya kusa da inji, ko da shi ya gina gidan, adda zan miƙa masa.

Mahaifiyarka,
Magne Odile