Ruɓaɓɓen Dutsen Kuza

Zuwa ga yayana Ya'ƙub,

Bayan gaisuwa mai yawa daga Barikin Ladi, ina hwatan kuna lahiya. Ya jikin Inna? Ya matata Hidaya da ɗiyana, ya albasar bana a Sabiyal? Ni ma lahiya lau, sai godiya.

Ka tambaye ni aikin kuza. Yaya, ginar rijiyar da Baba ya koya muna ba ta da amfani a ƙasar ga. Can gida in ka kai ga dutse sai ka saki jiki, rami ba ya ruftawa. Nan kuwa kuzar tana cikin dutsen da zafin ƙarƙashin ƙasa ya dafa tun zamanin da, har ya ruɓe. A ido ƙaƙƙarfa ne, ka damƙa ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Markus, abokin aikina, ya ce in tokare bangon ramin da itace. Na yi mishi dariya, na ce ni ɗan masu ginar rijiya ne.

Allah ya saka wa Markus da alheri, da ramin ya rufta da ni, shi ya tono ni da hannunsa. Ƙafar hagu ce kawai ta karye, kuma an ɗaure ta.

Don Allah ka shiga Aliero wajen Malam Tamu mai ɗori, ka tambaye shi ko ƙashin da ya haɗe a karkace yana gyaruwa. In ya ce a'a, rijiyar da na yi wa Inna alkawari a tsakar gida, ka nemi wani ya gina. Ka ce mata aiki ya riƙe ni.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Rufa'i