Bokitin Autanmu Ya Fi Nawa Saurin Tashi

Assalamu alaikum Kawu. Don girman Allah ka taimake ni kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa, don a gida babu mai saurarena, har matata cewa take na zare.

Ni ne babba a wurin Babanmu. Da ƙafafunsa suka fara ciwo, ni ya miƙa wa makullin tsohuwar taraktarsa. 'Yar ƙarama ce, ta ma girme ni, fentinta duk ya koɗe, kujerarta buhu na ninka na ɗora. Amma bugu ɗaya take tashi. Noman gonarsa da kwashe takin garken shanunsa duk ni nake yi, a loda da shebur, in ja da tirela, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Sai bara Autanmu, yaron da ni na koya wa riƙe sitiyari, ya sayo tasa taraktar mai loda a gaba, wato hannuwan ƙarfen nan masu ɗauke da bokiti. Kawu, yana taɓa liba, sandar da ake ja da hannu, bokitin ya yi sama kamar mai ɗaga hannu ya yi gaisuwa. Tun daga nan Baba ba shi da zance sai na Auta. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya ga ikon Allah. Ni kuwa in yi ta murmushin dole. Kishi nake, ba zan ɓoye maka ba.

Na fita na samo kwancen loda, mai walda ya ɗaura mini, muka jona tiyoyinta da famfon mai da ke cikin taraktar, wanda yake ɗaga garma a baya. Ranar gwaji na sa aka kawo wa Baba kujera bakin garke. Na cika bokiti da taki, na ja liba. Wayyo Kawu! Abu yana hawa kamar tsoho a matattakala, inji yana nishi, ni ina gumi. Ban kai rabin tirela ba na waiga na ga Baba yana gyangyaɗi. Da ya farka ya dubi sama, a gaban masu kiwo ya ce a kira Auta ya ƙarasa kafin hadari ya iso. Auta ya zo ya share wurin tas, sannan ya sauko ya rusuna yana yi mini sannu da aiki. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na ɗauki sifana na ɗaure bawul ɗin da ke sakin mai idan matsi ya yi yawa, na ce ai shi ke ɓarar da ƙarfin. Sauri bai ƙaru ko kaɗan ba, sai tiyo ne ya fashe, mai ya wanke ni tun daga hula har takalmi. Yanzu Baba ya ce daga wata mai kamawa Auta ne zai riƙa kwashe taki, ni in cire lodar in mayar da taraktar kan garma.

Na samu wani ƙaton famfo da aka cire daga tifa. Bakanikena ya ce ko za a yanka shi ba zai ɗaura ba, amma ina zargin don Auta ma kwastomansa ne. Kawu, faɗa mini gaskiya, wannan famfon zai sa bokitina ya wuce na Auta? In bai isa ba, wane girma zan nema? Ba na so in zauna ina kallo a karɓe aikin Babana daga hannuna.

Naka,
Babban Wa

Amsar Kawu

Wa alaikumus salam ɗana. Tunda ka kira abin da sunansa, kishi, ka rage mini rabin aiki. Bari mu fara da ƙarfe, shi ya fi sauƙin gyara.

Abu biyu ka cakuɗa. Saurin bokiti daga yawan man da famfo ke turawa yake. Ƙarfin ɗagawa kuwa daga matsin mai da faɗin silinda yake, wato bututun ƙarfen da mai ke cikawa ya tura hannuwan sama. Famfon cikin taraktarka don garma aka yi shi, man da yake turawa kaɗan ne, silindojin loda kuma cikinsu da faɗi, dole su daɗe kafin su cika. Shi ya sa da ka ɗaure bawul ba ka samu sauri ba, sai wanka. Ka gode wa Allah, don man da ke fita da irin wannan matsi yana huda fata. A mayar da bawul ɗin yadda yake, da agogon awo, ba da kintace ba.

Famfon tifa kuma ka manta da shi. Zai shanye ƙarfin ɗan injinka, mai ya yi zafi, robobi su narke. Bakanikenka ba ɗan amshin Auta ba ne, masoyinka ne. Ka koma wurinsa ya duba girman silindojin da ƙarfin injin, ya zaɓa maka matsakaicin famfo, a ɗaura a gaban inji yana juyawa kai tsaye, da tankinsa da matacinsa daban. Ka rataya nauyi a baya, kada ka riƙa cika bokiti maƙil, don ƙarfen tayoyin gaban ba don wannan kaya aka ƙera shi ba. Za ka ga bambanci sosai. Amma kada in yaudare ka, taraktarka ba za ta kamo ta Auta ba, ko yau ko gobe.

Sai batun gida. Kana da gaskiya, maganar nan a gaban masu kiwo da ciwo, kuma ya kamata a ce Baba ya keɓe da kai. Sai dai ka sake karanta wasiƙarka. Taki ya ba Auta. Garma, wato noman da gidan ke ci daga gare shi, a hannunka ya bari, makullin ma bai ce ka dawo da shi ba. Mutumin da ya shekara da shekaru a kan injin nan ya ji nishin da ka ji, kuma ya fi ka sanin ma'anarsa. Auta kuwa laifinsa ɗaya, ya sayi abu mai kyau ya kuma gaishe ka da ladabi.

Ka je wurin Baba kai kaɗai, ka faɗa masa ka ji zafi, ka tambaye shi ko ya yarda a yi wa taraktar wannan gyara. In ya ce a'a, ka cire lodar da hannunka. Don in ka yi taurin kai ka ɗaura famfon tifa, injin ya buga a tsakiyar garke, ka san wa za a kira ya janyo ta da sarƙa, kana zaune a kanta kana riƙe da sitiyari, Baba yana kallo.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar ku tare da ƙaninka.