Inna, Na Koma Bakin Kasko

Zuwa ga mahaifiyata, mai alkakin Yakasai,

Assalamu alaiki, Inna. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Bayan haka, 'yarki Binta ce. Na san waɗansu ne za su karanta takardar nan ba ke ba, amma ke nake so in ba labari, don ke kika fara jinyar ciwon nan.

Kin bar ni da ciwon suga da ya riga ya tsufa a jikina. Ke ce kike dafa mini shuwaka, ki tsaya a kaina kina cewa, "Ɓata fuska yadda kika ga dama, amma ki haɗiye." Abin da ba ki gani ba shi ne lokacin da ciwon ya kai ga zuciya. Shekarar da soja suka koma bariki ne numfashi ya fara gagarata. Daga ɗaki zuwa zaure sai na tsaya na dafa bango. Likita ya ce jijiyoyin zuciya sun toshe, sai an buɗe ƙirji. Yaya Sani ne ya raka ni ƙasar waje. Gari yana ta murnar sabuwar gwamnati, ni ina kwance inda ba mai jin Hausa.

Aiki ya yi kyau, Inna, an yi nasara. Sai dai wahalar da ba a gaya mini ba tana gida tana jirana.

Saboda sugan, ɗinkin ya daɗe bai kame ba. Ko da ya kame, ban yarda na kalli tabon ba. Masu zuwa dubiya sukan rage murya tun daga bakin ƙofa, kamar gaisuwar mutuwa suka zo. Na koma tsoron komai: loma, tari, dariya, har allurar da nake yi wa kaina shekara da shekaru. Wata rana Hadiza, autata, ta kawo mini tuwon alkama da miyar ganye, na kalle shi kawai na fashe da kuka. Ba tuwon ba ne. Gajiya ce. An gyara zuciya, amma suga yana nan, kuma ba aikin da zai cire shi. Na sa aka kife kaskonki a bayan ɗaki, na ce a gaya wa masu biki su nemi wata.

Kin tuna Hajiya Falmata, Babarbariyar da muke katanga ɗaya? Ita ce ta ƙi jin saƙon. Za ta aurar da jikarta, ta shigo har ɗakina ba ta rage murya ba, ta ce garar gidanta ba ta taɓa fita babu alkakin gidan nan ba. Na nuna mata ƙirjina. Ta ce, "Ƙirjinki likita ya ɗinke, Binta, ban ji an ce ya ɗaure hannunki ba." Na yi fushi ƙwarai. Sai bayan ta fita na lura ita ce mutum ta farko da ta zo neman wani abu a wurina tun da na dawo.

Da ma likita ya ce in riƙa tafiya, ni ce na ƙi. Washegari na sa mayafi na fita da hantsi. Iyakata bakin lungu, na dawo ina haki. Na sake fita. Sannu a hankali na wuce masu kayan koli, na wuce mai gyaran keke, har ranar da na gan ni a Ƙofar Nassarawa, motoci suna wucewa, ba wanda ya san abin da ya kawo ni. Na tsaya ina jin zuciyata tana bugawa da ƙarfi, kuma a karon farko bugun bai ba ni tsoro ba.

Na aika wa Hajiya Falmata cewa a kawo alkama.

Aka barza, na kwaɓa da hannuna, ya kwana. Da safe na zauna ina murzawa ina naɗewa, Hadiza tana tsoma soyayyen a ruwan suga, ita ce kuma mai ɗanɗanawa, tunda ni rabona da shi na manta. Aiki ya ɗauke mini hankali har lokacin abinci ya wuce, alhali na yi allura. Sai gumi ya keto mini, hannu ya kama rawa. Na gane suga ne ya sauka, kuma an koya mini abin yi: in sa abu mai zaƙi a baki nan take. Na duba, ba abin da ke kusa sai tire cike da alkaki. Na ɗauki ɗaya mai ɗumi na ci.

Inna, hannunki ne sak. Da jikina ya dawo sai dariya ta kama ni, ina yi ina dafe ƙirji, Hadiza tana kuka tana dariya. Ɗinki bai farke ba. Na ci abincina, na huta, muka ƙarasa suya kafin la'asar.

Ban warke ba, kada in yi miki ƙarya. Allura tana nan, zuwa asibiti yana nan, wani lokaci baƙin cikin yakan leƙo ya wuni. Amma yanzu na san ba ya zama. Tabon ma ina shafa masa mai ina kallonsa. Matan unguwa da aka gaya wa suna da suga sukan zo su zauna kusa da murhuna, in bar su su yi kukansu, sannan in miƙa musu kwaɓi su taya ni murza.

Ga albishir kuma. Hadiza ta yi aure a Ƙofar Na'isa, ta haifi mace, an mayar da sunanki, muna kiranta Ummi. Ranar suna an aiko mini mota, na ce ta kwashi kaya ta yi gaba. Da ƙafata na je.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna. Ya ba duk mai ɗauke da ciwo maƙwabci mai ƙin jin saƙo. In lokacina ya yi, Ya sa in zo miki da imani. Amin.

Taki har abada,
Binta